RA'AYINMU: Sallama Daga Asibiti Ba Ita Ce Warkewa Ba

Duk wanda ya saba bin hanyar Shagari zuwa Sakkwato da sassafe, ya ratsa ta Boɗinga, ya san ba a rasa majinyaci a cikin motocin haya, dangi sun sa shi a tsakiya za su kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Can ne jama'ar wannan yanki ke dosa idan ciwo ya gagari ƙananan asibitoci, can ne kuma ake samun likitocin fiɗar ƙirji da sashen kula da masu ciwon daji. Ran tafiya akan yi karo-karo, a yi addu'a, a yi rakiya. Ran dawowa kuma gida ya cika da masu barka. Abin da ya dame mu shi ne abin da ke biyo bayan barkar, musamman ga wanda aka yi wa fiɗa saboda ciwon dajin huhu. Da an yi mako biyu sai ƙafa ta ɗauke, a bar mutum da matarsa, ko mace da 'ya'yanta, alhali kuwa a lokacin ne jinyar gaske ta soma.

Wannan ciwo ba ƙarami ba ne. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 sun nuna mutane kusan miliyan 2.5 ne suka kamu da shi a shekarar, ya kuma kashe wajen miliyan 1.8, wato ya fi kowane irin ciwon daji kisa. Shan taba ne ke haddasa kusan kashi 85 cikin 100, amma yana kama wanda bai taɓa sa kara a baki ba. A Nijeriya, shi ne ajalin shahararren lauyan nan Gani Fawehinmi ranar 5 ga Satumba, 2009. A ƙasarmu sau da yawa akan daɗe ana shan maganin tarin fuka kafin a gane ainihin cutar, don alamunsu sun yi kama: tari, rama da tofar da jini. Saboda haka wanda aka gano nasa da wuri har fiɗa ta yiwu, ya samu damar da mutane da yawa ba su samu ba, bai kuwa kamata sakacinmu ya ɓata ta ba.

Ya kamata mu san abin da aka yi wa ɗan'uwanmu a ɗakin fiɗa. Huhun dama kashi uku ne, na hagu kashi biyu. Galibi likita kan cire kashi ɗaya, wani lokaci kuma ya cire huhu guda sukutum. Ta tsakanin haƙarƙari ake shiga, a kuma bar roba a ƙirji na 'yan kwanaki don ruwa da iska su fita. Ɗinkin waje kan kame da wuri, amma jijiyoyin da ke bin haƙarƙari sukan yi watanni suna zogi ko sanƙarewa. Huhun da ya rage kuwa sai a hankali yake sabawa da ƙarin aikin da ya hau kansa. Don haka idan kun ga mutum na haki daga ɗaki zuwa zaure, ba raki ba ne, ba kuma lalle ciwon ne ya dawo ba.

Ana rayuwa bayan wannan aiki, ana ma tsufa. A watan Afrilu na 1933, a birnin St. Louis na Amurka, Dokta Evarts Graham ya cire wa wani likita mai suna James Gilmore huhun hagu gaba ɗaya saboda ciwon daji, aikin da ake ɗauka shi ne irinsa na farko da ya yi nasara. Gilmore ya koma bakin aikinsa, ya ƙara shekara 30 a duniya, sai 1963 ya rasu. Shi kuwa Graham, wanda ya daɗe yana shan taba, ciwon dajin huhu ne ya kashe shi a 1957, ya bar majinyacinsa da rai. Kada mu yi wa kowa zaman makoki tun yana numfashi.

To, mene ne aikin gida? Na farko, kada a kwantar da mai jinya kamar kayan wanki. Tausayin da ke cewa "kwanta, kada ka motsa" cutarwa ne, domin yawan kwanciya na tara majina a ƙirji ta zama ciwon haƙarƙari, yana kuma sa jini ya daskare a ƙafa. Ya riƙa tattaki kullum, yau tsakar gida, gobe ƙofar gida, yana ƙarawa kaɗan-kaɗan, da safe ko da yamma, ba cikin ranar bazarar Sakkwato ba. Ya riƙa jan numfashi mai zurfi yadda aka koya masa a asibiti. In tari ya zo ya rungume matashin kai a wajen ɗinkin ya yi, kada ya danne. Ya riƙa ɗaga hannun ɓangaren da aka yanka don kada kafaɗa ta riƙe. Ya sha maganin zogi bisa ƙa'idar likita, gama wanda zogi ya hana numfashi sosai ba zai murmure da wuri ba. Amma ɗaukar buhu, jan guga, daka da noma, sai an yi kamar mako shida zuwa takwas, likita kuma ya yarda. Sannu ba ta hana zuwa.

Na biyu, a lura da iskar da yake shaƙa. A nisanta shi da hayaƙin murhun itace, da na janareto, da na ƙona shara. Mai shan taba ya sha nesa da gidan, shi kuma majinyacin ya yi ban kwana da ita har abada. Lokacin hunturu ya rufe hanci da baki in zai fita, a yayyafa ruwa kafin a yi shara. Abinci kuma a ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa: wake, ƙwai, kifi, nama, dafaffen nono da ganye. In aka ga zazzaɓi, ko ruwa mai wari daga ɗinki, ko jini a tari, ko kumburin ƙafa ɗaya, ko haki ya tsananta farat ɗaya, a kama hanyar asibiti nan take, kada a tsaya wajen mai kemis ko mai jiƙo.

Akwai kuma miki na biyu wanda likita bai ɗinke ba, wato na zuciya. Magidancin da ya saba ciyar da gidansa ya wayi gari ana ɗauko masa buta. An sayar da tumaki, wataƙila har da gona, ga bashi. Kowane ɗan tari sai gabansa ya faɗi. Dare ya yi, barci ya ƙi. Mu kuma da muka zo dubiya sai mu ce "ai ka warke, ka daina tunani," mu rufe masa baki. Wasunmu ma sukan haɗa kai da dangi a ɓoye masa sunan cutar. Wannan ɗabi'a ba mu kaɗai ke da ita ba. Sarkin Ingila George na Shida, wanda Nijeriya ke ƙarƙashinsa a lokacin, an cire masa huhun hagu ranar 23 ga Satumba, 1951, masu tarihi kuma sun rubuta cewa ba a gaya masa ciwon daji ba ne. Ya rasu ranar 6 ga Fabrairu, 1952. An wuce wannan zamani. Baligi yana da hakkin sanin abin da ke jikinsa, don ya kiyaye ranakun asibiti, ya shirya gidansa, ya kuma samu wanda zai faɗa wa tsoronsa.

Abubuwa uku muke roƙon jama'armu su bari. A daina ware masa kwano da moɗa: ciwon daji ba ya yaɗuwa ta tari ko cin abinci tare, ba tarin fuka ba ne. A daina binciken laifi, ko a ce taba ce ta ja masa, ko zunubi, ko sammun maƙwabci. Mai ciwo taimako yake nema, ba shari'a ba. Sa'an nan a daina sa mutum ya tsaya gaban taro ya ba da shaidar warkewa, daga nan a ce komawa asibiti rashin bangaskiya ne. Godiya ga Allah wajibi ce, amma likitoci kan so ganin irin wannan majinyaci da hoton ƙirji kamar duk wata shida a shekaru biyu na farko, daga baya shekara-shekara, wasu ma akan ƙara musu allurai ko gashi bayan fiɗa. Wanda ya hana ɗan'uwansa wannan da sunan addu'a ya ɗauki alhaki.

Idan baƙin ciki ya wuce mako biyu bai sassauta ba, mutum ya daina ci, ya daina magana, ko ya riƙa cewa gara ya mutu, a gaya wa likitansa. Cuta ce mai magani, akwai kuma ƙwararrunta a Sakkwato da asibitin gwamnatin tarayya da ke Kware. Zuwa wurinsu ba hauka ba ne, ba kuma abin kunya ba.

Muna kira ga dattawan ikilisiyoyi, da zumuntar mata, da matasa, a Shagari da Boɗinga da sauran wurare, su mai da dubiya aiki mai tsari na akalla wata shida. A rubuta wanda zai je kowane mako. Wani ya raka shi tattaki, wata ta karɓi girki don mai jinyarsa ta yi barci, gama ita ma ta gaji, ba mai tambayarta. Matasa su yi masa gayya a gona. A ware wani abu daga baiko don kuɗin mota ranar komawa asibiti. In an je kuma a taƙaita wa'azi, a tsawaita sauraro, mai mura kuwa ya dakata sai ya warke. Kada mu tsaya kan namu kaɗai. Maƙwabcinmu Musulmi da ya dawo daga fiɗa yana da irin wannan hakki a kanmu, kamar yadda shi ma yakan zo namu.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Likita ya yi nasa cikin 'yan sa'o'i, namu kuwa na watanni ne. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba masu jinyarsu haƙuri, mu kuma ya hana mu gajiya da zuwa. Amin.