Lakwal Ta Koya Wa Yaro Aiki

Ya ku 'yan'uwa na rassa, yau maganarmu a kan darasin tattalin gida take, wanda ake kira EFS a kwalejojinmu.

Kowa ya san abin da Nasara ya kafa lakwal dominsa. Akawu yake so, da tafinta, da mai rubuta nauyin gyaɗa a bakin sikeli. Shi ya sa ranar da Nijar ta sami mulkin kai, 3 ga Agusta 1960, yaran da ke lakwal ba su kai 5 cikin 100 ba. Nasara ya tafi, amma ya bar mana tunaninsa, cewa mai ilmi shi ne mai zama a kan kujera. Ga shi kusan rabin mutanen ƙasar nan ba su kai shekara 15 ba. Ina ofishin da zai ɗauke su?

To, darasin nan shi ne ƙofar gyara, amma an raina shi. Ana cewa na 'yan mata ne, na girki da ɗinki. Sau da yawa malami ya rubuta a allo, yara su kwafa, ba tukunya ba allura. Wannan kuskure ne babba.

Ku dubi Madarumfa. Ga tafki da kifinsa, ga gyaɗa, ga jar akuya wadda fatarta ta yi suna, ga kasuwar Maraɗi kusa, ga Ɗan Isa da Jibiya a bakin iyaka. A ba yara tiya guda ta gyaɗa, maza da mata. Su soya, su niƙa, su matse mai, su toya ƙuli-ƙuli. Sa'an nan su rubuta kuɗin gyaɗa, da na itace, da na niƙa, su fid da uwar kuɗi, su ga riba. A aji da faranka ake lissafi, a kasuwa kuwa da dala, faranka 100 dala ashirin. Yaron da bai iya juya wannan ba, an cuce shi tun bai buɗe jaka ba.

A nan ne zai koyi abin da kowane maigida yake nema: zuwa a kan lokaci, tsabta, cika mudu, rubuta rasit, iya magana da mai saye, da riƙon amana. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka muna kira ga kowane reshe ya tura mutum biyu cikin taron iyayen yara. Ku nemi a riƙa gayyato tela, da sarkin ruwa, da mai ƙuli-ƙuli su nuna aikinsu a aji. Ku tara abin sayen kasko da keken ɗinki. Kada wani uba ya hana ɗansa namiji wannan darasi.

Allah ya yi mana jagora, amin.