Yankan Kankana Ba Ya Mayar Da Giya Abinci

Maudu'inmu na wannan mako wani barkwanci ne da Turawa suka daɗe suna yi, yanzu kuma ya fara leƙowa cikin labaran da muke sakawa a Wattpad da WhatsApp. Jaruma ta ɗaga kofin giya da aka jefa wa abarba da kankana, ta ce ai yau ta ci 'ya'yan itace kamar yadda likita ya umarta. Ƙawayenta su tuntsire da dariya, marubuciya ta wuce abinta, ta nuna mana 'yan boko wayayyu.

Ni dai na ce wannan raha ba ta cancanci alƙalaminmu ba.

Mu fara da asalinta, don ruwa ba ya tsami banza. A 1991 shirin 60 Minutes na tashar CBS a Amurka ya yaɗa ra'ayin cewa jar giyar inabi ce ke kare Faransawa daga ciwon zuciya duk da yawan maiƙon da suke ci. Cinikinta ya tashi nan da nan. Daga baya masana suka gano wani rami a yawancin binciken da ke yabon shan kaɗan: cikin waɗanda aka lissafa a matsayin marasa sha akwai tsofaffin mashaya da ciwo ya tilasta wa dainawa. Dole mai shan kaɗan ya fito kamar ya fi su lafiya. A Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito fili ta ce babu wani gwargwado na giya da ba ya cutar da jiki. Tun 1988 ma cibiyarta mai binciken ciwon daji ta sa giya a rukuni na farko na masu haddasa cutar, rukuni ɗaya da taba.

To ina 'ya'yan itacen? Yis ya cinye sukarin inabi ya mayar da shi barasa, dusar da ke taimakon hanji kuwa an tace an zubar. Hanta ba ta tambayar wane ɗan itace ke yawo a saman kofi, barasar kawai take fama da ita. In dai hujjar ta tsaya, sai mu ce burukutu ma kunu ne, tunda da dawa ake yin sa. Wa zai rubuta haka a littafinsa bai ji kunya ba? An canza wa tuwo suna ne kawai, an sa shi a kofin gilashi.

Za a ce ai wasa ne, kowa ya sani. Mai shekara arba'in ya sani. Yarinyar da ke karanta mu a wayar yayarta fa? Ɗacin giya shi ne shinge na farko da ke korar sabon shiga, kuma aikin zaƙi da ƙanshin lemo shi ne rushe wannan shinge. Haka aka yi ta ce-ce-ku-ce a Ingila a shekarun 1990 kan giya mai ɗanɗanon lemon kwalba. A nan gida, a 2024 NAFDAC ta tashi aiwatar da haramcin giyar leda da ta ƙananan kwalabe don yadda take saurin kaiwa hannun yara. Kamfani yana biyan maƙudan kuɗi don a ga kayansa kamar ba komai ba ne. Mu kuma mu yi masa kyauta?

Ban ce kada mashayi ya shigo labari ba. Yana cikin al'umma, dole ya shigo. Ban kuma ce a mayar da kowane babi mumbari ba. A bar jaruma ta yi barkwancinta in halinta ne, amma marubuci ya san abin da ita ba ta sani ba. Ya nuna mana safiyar da ke biyo baya, da kuɗin makarantar da ya ƙare, da yadda raha ke zama mayafin mai jin kunyar abin da yake yi. Nan ne labari yake.

In kuma dariya kake so, ga mai tallar da ke sayar da ciwon hanta da hoton abarba. Shi ya kamata a yi wa dariya.