Rumbun kuran a cikin gari: a yi shawara kafin a dasa batura

 Yau maganar kuran za mu yi, kuma ɓangaren da ba a cika taɓawa ba: manyan baturan ajiyar wuta, da wurin da ya dace a girka su.

Kowa ya san halin da muka shiga a watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta saboda takunkumin CEDEAO. A lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na kuran da muke sha daga can yake zuwa: Yamai ta layin Birnin Kebbi, Maraɗi da Damagaram ta layin Katsina. Mai walda ya zauna, mai ƙanƙara ya yi asara, mai niƙa ya koma kan gurup da gazuwal mai tsada. Tun daga nan kowa ke cewa mu dogara da ranar da Allah ya ba mu. Gaskiya ne. Muna da tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 tun 2018, ga ta Gorou Banda kusa da Yamai mai megawat 30 da ta fara aiki a 2023. To amma panno ba ya aiki da dare. Daidai magariba, lokacin da kowane gida ke kunna fitila da fanka da talabijin, lokacin ne rana ke cewa sai gobe.

Nan ne batura suke shigowa. Ku ɗauke su kamar rumbu: da rana a zuba rarar wuta, da almuru a ɗiba. Ba irin batirin mota muke nufi ba. Kwantena-kwantena ne jere a fili, kowace cike da dubban ƙananan batura na litiyom, haɗe da babban layin wuta. Lamba biyu ake auna su da ita: megawat, wato ƙarfin da suke iya saki a lokaci guda, da megawat-awa, wato yawan abin da ke cikin rumbun. Tashar Hornsdale da kamfanin Tesla ya girka a kudancin Ostareliya a 2017 ta fara da megawat 100 da megawat-awa 129, ke nan in ta saki dukan ƙarfinta, awa ɗaya da ƴan mintoci za ta yi. Don haka kada wani ya ce mana batir zai maye gurbin tashar samar da wuta. Aikinsa shi ne cike giɓin magariba, da riƙe layi cikin ƙiftawar ido idan wuta ta yi tangal-tangal.

Maganar ba ta nesa ba ce. Farashin irin waɗannan batura ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tun daga 2010. A 2021 Bankin Duniya ya amince da wani shiri na dala miliyan 465 don Afirka ta Yamma, kuma Nijar na cikin ƙasashen da aka tanadar wa sashen batura. Ko ta wannan hanya ko ta wata, kwantenonin nan suna tafe. Ra'ayinmu a nan shi ne: muna maraba da su, amma a tsara mazauninsu tare da jama'a tun kafin a sauke su daga mota.

Injiniya zai ce a kai su unguwar masana'antu, kuma yana da hujja. Can ne manyan layuka da taransifoma suke, can ne masu shan wuta da yawa suke, ga hanyar da babbar mota za ta bi. Sai dai unguwannin masana'antunmu ba su zama yadda aka zana su a takarda ba. Ku dubi ta Yamai, yadda take manne da Gamkale. Gari ya ci ya cinye su. Bayan katangar masana'anta akwai gidaje, akwai makarantar allo, akwai mai tuwo-tuwo, akwai masu sayar da esansi a kwalba. Wanda ya dubi taswira kawai zai ga fili ne na masana'antu. Wanda ya taka da ƙafa zai ga mutane ne ke kwana a wurin.

Me ya sa wannan ya dame mu? Saboda gobarar batirin litiyom ba irin wadda muka sani ba ce. Idan ƙwaya ɗaya ta yi zafi fiye da kima, sai ta kunna ta kusa da ita, ita ma ta kunna ta gaba, kuma tana fitar da iskar da ke da guba, mai iya fashewa idan ta taru a rufaffen wuri. A watan Afrilu na 2019, a jihar Arizona ta Amurka, ƴan kwana-kwana sun buɗe ƙofar wata kwantenar batura mai hayaƙi, ta fashe, huɗu suka ji munanan raunuka. A watan Afrilu na 2021 a birnin Beijin na ƙasar Sin, irin wannan fashewa ta kashe ƴan kwana-kwana biyu. Ranar 16 ga Janairu 2025, a Moss Landing ta jihar Kalifoniya, wuta ta kama sashe mai megawat 300 da aka cusa cikin ginin tsohuwar tashar lantarki. An kwashe mutane sama da dubu, an rufe babbar hanya, masu kashe gobara suka ja da baya suka bar ta ta ci ta ƙoshi.

Ga kuma ɗaya gefen. A watan Yuli na 2021 wuta ta kama a babbar tashar batura ta jihar Biktoriya a Ostareliya. Kwantenoni sama da 200 ne a fili, biyu kawai suka ƙone, ba wanda ya ji rauni. Bambancin a tsari yake: fili buɗaɗɗe, nesa da gidaje, ba a tara komai ƙarƙashin rufi ɗaya ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Mu kuma muna da namu ƙarin matsalolin. Batir ya fi son sanyi-sanyi, wajen digiri 25, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu muna kai 45. Ke nan na'urar sanyaya shi ba za ta huta ba, kuma ƙurar hunturu tana toshe matatar iska. Ga ruwa: wanda ya ga ambaliyar 2020 a Yamai da ta 2024 a Maraɗi ya san ba a ajiye irin wannan kaya a kwari ko bakin gulbi. Sai kuma halinmu na rugawa kallon gobara. Ba mu manta da tankar man da ta fashe kusa da filin jirgin Yamai a watan Mayu na 2019 ba, inda mutane sama da 50 suka rasu.

To me muke nema? Na farko, a zaɓi baturan da ake kira LFP, waɗanda suka fi jure zafi, a jera su a waje da tazara tsakaninsu. Na biyu, a bar fili tsakanin tashar da gidan ƙarshe, kuma magajin gari ya sa hannu cewa ba za a yanka shi fuloti-fuloti a sayar ba bayan shekara biyu, don mun san yadda filin hukuma ke narkewa. Na uku, a zauna da ƴan kwana-kwana tun wajen zane: ina mota za ta shiga, ina tankin ruwa, wa za a kira da tsakar dare, kuma a ba su horo da kayan numfashi. Na huɗu, a rubuta cikin yarjejeniya wanda zai kwashe baturan idan sun tsufa, don kada su ƙare a hannun ƴan gwangwan yara na fasa su da guduma.

Na biyar, kuma shi ne babba, a saurari jama'a. Muna da NIGELEC, muna da hukumar ARSE mai sa ido kan harkar makamashi, muna da ofishin BNEE mai duba tasirin ayyuka ga muhalli. Idan za a yi zaman jin ra'ayi, kada ya tsaya a ɗakin otel da Faransanci. A yi shi a ƙofar mai unguwa, da Hausa da Zabarmanci, a sanar a rediyo, a bar mata da masu sana'ar bakin katanga su yi tambaya.

Wani zai ce wannan duk jinkiri ne, mu wuta muke so yanzu. Mu ma muna so, zafin nan tare muke shan shi. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Wata shida na shawara ya fi sauƙi bisa kwashe unguwa guda cikin dare, kuma gobara ɗaya ta isa ta sa jama'a su ƙi batura gaba ɗaya alhali muna bukatarsu.

Ku da ke zaune kusa da masana'antu, ku faɗa mana: taku nawa ne tsakanin katangarsu da ɗakin kwananku? Allah ya ba mu wuta mai ɗorewa, ya kare mu daga gobara.