A Ba da Kunne Don a Tsira da Fuska



Akwai wani ƙari da kan tsiro a jikin jijiyar da ke kai saƙon ji da daidaiton tsayuwa daga kunne zuwa ƙwaƙwalwa. Ba ciwon daji ba ne, amma idan ya girma yakan danne tushen ƙwaƙwalwa, har rai ya shiga haɗari. Mazauninsa gindin ƙoƙon kai, wuri mai wuyar isa.

A farkon shekarun 1960, Dokta William House na Los Angeles a Amurka ya kyautata hanyar isa gare shi ta kunne, da madubin ƙara girman abu. Likita zai tsaga fata a bayan kunne, ya kankare ƙashin wurin da ɗan inji, yana kiyaye babbar jijiyar jini da ke gefe. Daga nan sai ya ratsa bututu uku masu lanƙwasa na can cikin kunne, ya iske 'yar kafar ƙashi mai tsawon kimanin santimita ɗaya, inda jijiyar ji da ta motsa fuska suke tafiya tare. Bayan cire ƙarin, sai a toshe ramin da kitse daga cikin majinyacin, don kada ruwan ƙwaƙwalwa ya yoyo.

Farashin wannan hanya shi ne kunnen ba zai sake ji ba har abada. Wasu na ganin wannan ɓarna ce. Ni kuwa ina ganin hikima ce, domin likita yana ganin jijiyar fuska tun da wuri ya kare ta, kuma ba ya buƙatar ture ƙwaƙwalwa sosai. Wanda wannan jijiya ta mutu masa, baki ya karkace, ido ya ƙi rufuwa. Galibi ma ƙarin ya riga ya cinye yawancin jin.

Sai dai ina da sharaɗi. Kunnen na majinyaci ne, don haka wajibi ne a gaya masa gaskiya kafin a sa wuƙa: akwai hanya ta ƙeya da ta saman kunne, waɗanda kan iya barin ji, kuma ƙaramin ƙari ana iya sa masa ido da hoton MRI. Ya kai ɗan'uwa, idan kai ko naka ya tsinci kansa a nan, ka tambaya: me zan rasa, me zan tsira da shi?

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.