RANAR DA AKA KAWO WA LIKITA SAMMACI

Gabatarwa

Idan malami ya shiga ajin kimiyya a makarantar sakandare ya tambayi ɗalibai abin da kowa yake son zama, da wuya masu son zama likita su kasa rinjayar sauran. Abin da ɗalibi yake hangowa shi ne farar riga, da abin sauraron ƙirji rataye a wuya, da godiyar waɗanda suka sami sauƙi. Amma akwai wani ɓangare na aikin da ba a cika faɗa masa ba, wato ranar da maras lafiya zai mutu ko ya naƙasa a hannunsa, dangi su ce ba su yarda ba, sai ga sammaci daga kotu.

Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, haƙƙin maras lafiya ne ya kai ƙara idan an cuce shi, kuma bai kamata kowa ya tauye masa wannan haƙƙi ba. Sai dai hanyar da ta fi fid da likita daga wannan hali, wadda kuma ta fi kare marasa lafiya na gobe, ita ce faɗin gaskiya da wuri, tare da tallafa wa likitan da abin ya faɗa wa. Tsoro da ɓoye-ɓoye ba su taɓa gyara asibiti ba.

Ba kowace mutuwa ce sakaci ba

Tuhumar mai magani tsohon al'amari ne. A cikin dokokin Hammurabi, sarkin Babila wanda ya yi mulki kimanin shekaru 1,750 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), an tanadi yanke hannun likitan da ya yi wa babban mutum tiyata ya mutu. Dokar ba ta tambayi yadda aka yi aikin ba, sakamakonsa kawai ta duba.

Shari'ar zamani ta rarrabe abubuwa uku. Na farko, larurar da kan biyo bayan magani ko da an yi kome daidai, domin babu tiyatar da ba ta da haɗari. Na biyu, kuskuren da ƙwararre mai lura ma zai iya yi. Na uku, sakaci, wato likita ya gaza yin abin da takwarorinsa masu hankali za su yi a irin wannan hali, har gazawar ta jawo cuta. A Ingila, shari'ar Bolam ta shekarar 1957 ita ce ta kafa ma'aunin gwada aikin likita da na takwarorinsa, kuma kotunan ƙasashe da dama da suka gaji dokokin Ingila sun yi aiki da shi. Matsalar ita ce, uban da ya rasa ɗansa ba ya iya rarrabe waɗannan abubuwa uku idan ba a yi masa bayani ba. Idan kuwa aka rufe masa ƙofa, to, sai ya nemi lauya ya buɗe masa.

Halin da likita kan shiga

A ƙasar Amurka aka fi yin nazarin wannan matsala. Wani bincike da Anupam Jena da abokan aikinsa suka buga a 2011 ya nuna cewa a kowace shekara kimanin likitoci 7 cikin 100 ake nema su biya diyya. A wajen likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa adadin ya kai 19 cikin 100. Sun kuma ƙiyasta cewa kafin su cika shekara 65 da haihuwa, likitoci 99 cikin 100 na fannoni masu yawan haɗari za su gamu da ƙara aƙalla sau ɗaya, a fannoni masu ƙarancin haɗari kuwa 75 cikin 100. Abin lura shi ne, kimanin kashi 78 cikin 100 na ƙararrakin sun ƙare ba a biya ko sisi ba.

Mai karatu zai ce, to, ai da sauƙi tun da galibi likita ne yake yin nasara, kuma kamfanin inshora ne yake biya idan aka kayar da shi. Amma Hausawa sun ce shari'a mace ce da ciki, ba a san abin da za ta haifa ba, kuma irin wannan ciki yakan ɗauki shekaru. Dokta Sara Charles, likitar masu taɓin hankali a birnin Shikago, ta ɗanɗana wannan. Wata da take yi wa magani ta kai ta ƙara, aka yi shekaru ana jan magana kafin kotu ta wanke ta a 1980. Daga nan ta duƙufa ga nazarin likitocin da aka yi ƙararsu, ta kuma wallafa littafi a kan shari'arta a 1985. Abin da ta tarar shi ne, mafi yawansu sun yi fama da fushi, da rashin barci, da baƙin ciki, da shakkar ƙwarewarsu, har da waɗanda kotu ta wanke. Daɗin daɗawa, lauya yakan umurci likita da kada ya tattauna shari'ar da kowa, sai ya kasance yana ɗauke da kayan shi kaɗai, alhali gobe da safe marasa lafiya na jiran sa.

A shekarar 2000 Farfesa Albert Wu na Jami'ar Johns Hopkins ya kira likitan da ya yi kuskure da suna "wanda abin ya rutsa da shi na biyu", bayan maras lafiya da danginsa waɗanda su ne na farko. Al'amarin yakan kai ga rasa rai. Wani rahoto da majalisar da ke kula da aikin likita a Birtaniya ta sa aka yi a 2014 ya gano likitoci 28 da suka kashe kansu, ko ake kyautata zaton sun kashe kansu, tsakanin 2005 da 2013, yayin da majalisar take bincikensu.

Labarin Dokta Hadiza

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Dokta Hadiza Bawa-Garba, likitar yara 'yar asalin Nijeriya da ke aiki a Ingila. A ranar 18 ga Fabrairu 2011 aka kawo wani yaro ɗan shekara shida babban asibitin birnin Lesta yana amai da gudawa, numfashinsa kuma ba daidai ba. Dokta Hadiza ta ɗauka ciwon ciki ne da ƙarancin ruwa a jiki. Ashe ciwon huhu ne ya sa ƙwayoyin cuta suka bazu a jininsa. Ba a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta ba sai da yamma, kuma da dare ya cika. A yayin da ake ƙoƙarin farfaɗo da shi ma, ta sa an dakata na ɗan lokaci domin ta ɗauke shi a matsayin wani yaro dabam da aka rubuta cewa kada a farfaɗo da shi.

Waɗannan kurakurai ne na haƙiƙa, kuma baƙin cikin iyayen yaron ba abin da za a raina ba ne. Amma in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. A wannan rana ba ta daɗe da dawowa daga dogon hutun haihuwa ba. Ma'aikata sun yi ƙaranci, har tana riƙe da aikin fiye da mutum ɗaya. Babban likitan da ya kamata ya sa mata ido ba ya asibitin da safe. Kwamfutar da ke kawo sakamakon gwajin jini kuma ta lalace na tsawon sa'o'i.

A Nuwamba 2015 kotu ta same ta da laifin kisa ba da niyya ba ta hanyar mummunan sakaci, aka yi mata ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka na shekara biyu. A 2017 kotun ladabtar da likitoci ta dakatar da ita na shekara guda, amma majalisar likitoci ta ga hukuncin ya yi sauƙi, ta garzaya Babbar Kotu, wadda ta soke sunanta daga rajistar likitoci a Janairu 2018. Nan fa likitoci suka yi caa, suka tara mata gudunmawar fiye da fam 300,000 domin ɗaukaka ƙara. A Agusta 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe hukuncin soke sunan. Daga baya ta koma aiki ƙarƙashin kulawa, aka kuma ɗage mata dukkan sharuɗɗa a 2021, shekara goma bayan rasuwar yaron.

Abin da ya fi tayar da hankali a wannan dambarwa shi ne yadda ƙananan likitoci da yawa suka fara cewa ba za su ƙara rubuta kurakuransu a littafin koyon aiki ba, don gudun kada a yi amfani da rubutun a kansu wata rana. Ke nan hukuncin da aka yi da niyyar kare yara ya kusa toshe hanyar da ake bi a gano abin da ke kashe su.

Hanyar tsoro da hanyar gaskiya

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Hanya ta farko da likitoci kan bi ita ce yin magani don kare kai. Sai a sa maras lafiya gwaje-gwaje da hotunan da ba ya bukata, a kwantar da wanda ya kamata a sallama, a kuma guje wa wanda ciwonsa ya yi tsanani. A wani bincike da aka buga a 2005, an tambayi likitoci 824 na fannoni masu haɗari a jihar Fensilbaniya, sai 93 cikin 100 suka amsa cewa suna yin haka. Maras lafiya ne yake biyan kuɗin wannan tsoro, da aljihunsa da kuma jikinsa.

Hanya ta biyu ita ce wadda asibitocin Jami'ar Mishigan suka ɗauka tun daga 2001. Maimakon musu da jayayya, sai suka ce duk lokacin da wani abu ya ɓaci za su bincika da gaggawa. Idan laifinsu ne, za su faɗa wa maras lafiya, su ba shi haƙuri, su yi masa tayin diyya ba tare da ya je kotu ba. Idan kuwa an yi aiki daidai, za su yi masa bayani su kuma tsaya wa likitansu. Mutane da yawa sun zaci ƙararraki za su yi musu rubdugu. Nazarin da aka buga a 2010 ya nuna akasin haka: shigar da ƙara kotu ya ragu da fiye da rabi, lokacin warware magana ya gajarta, kuɗin lauyoyi ma ya ragu. Dalili kuwa a fili yake. Dangi da yawa ba kuɗi ne ya fara kai su kotu ba, so suke su san abin da ya faru, su kuma tabbatar ba zai faru ga wani ba.

Ingila ma ta bi wannan sahu. Wata doka ta 2006 ta bayyana cewa ba da haƙuri shi kaɗai ba amsa laifin sakaci ba ne, a 2014 kuma aka wajabta wa asibitocin gwamnati su sanar da maras lafiya idan an yi masa kuskure mai illa. Ƙasar Niyuzilan kuwa tun 1974 ta kafa asusun biyan diyyar raunuka a madadin kai ƙara kotu. Ta ɓangaren likita, asibitin Johns Hopkins ya kafa ƙungiyar ma'aikata a 2011 waɗanda abokin aikinsu zai iya kira dare ko rana idan irin wannan abu ya same shi.

Ina haƙƙin maras lafiya?

Wani zai ce na karkata ga likitoci. Wannan ƙorafi yana da tushe, kuma tilas a saurare shi. Binciken da Jami'ar Habad ta yi a kan takardun asibitocin jihar Niyok, wanda aka buga a 1991, ya nuna cewa cikin waɗanda sakaci ya cutar, waɗanda suka nemi diyya ba su kai 2 cikin 100 ba. Ke nan waɗanda aka cuta suka yi shiru sun ninka waɗanda suka kai ƙara nesa ba kusa ba. Likitan da ya zo aiki a buge, ko ya yi tiyatar da ya san ba fanninsa ba ce, ko ya canza abin da ke rubuce a kati don ɓoye laifi, wannan ba tallafi yake bukata ba, hukunci yake bukata. Abin da nake faɗa shi ne kada a haɗa shi da wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa a asibitin da ba isassun ma'aikata, ba kayan aiki.

Kammalawa

A ƙasarmu akwai Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya, wadda ke da kwamitin bincike da kotun ladabtarwa mai ikon gargaɗi, ko dakatarwa, ko soke sunan likita. Amma sau da yawa idan aka yi rashi a asibiti sai a ce kwana ne ya ƙare, a ɗauki gawa a tafi. Yarda da ƙaddara wajibi ne, sai dai ba ta hana a tambaya ba, kuma ba ta ɗauke wa likita nauyin yin bayani ba. Shirun dangi ba shaidar kyawun aiki ba ne.

Ga ɗalibin da ke burin zama likita, shawarata ita ce ya fara tun yanzu. Idan gwajin da ka yi a ɗakin gwaje-gwaje bai ba da sakamakon da littafi ya faɗa ba, ka rubuta abin da ka gani, kada ka kwafi na maƙwabcinka. Ka saba da rubuta aikinka dalla-dalla, da neman taimako idan abu ya fi ƙarfinka, da furta cewa "na yi kuskure". Ga malamai kuwa, ɗalibin da aka zane ko aka kunyata don ya amsa laifinsa, darasin da ya koya shi ne ɓoyewa, kuma da wannan darasi zai shiga ɗakin tiyata wata rana. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Allah ya ba mu lafiya, ya kuma ba masu yi mana magani ikon faɗin gaskiya.