Jama'ar Tambuwal da Kebbe, Mu Tashi Mu Nemo wa Barcinmu Gata

Ina da kawu direba. Shekara da shekaru yana ɗaukar fasinja daga tashar Tambuwal zuwa Sakkwato, ya bi ta Shagari da Boɗinga, ya juyo kafin magariba. Duk unguwa an san minsharinsa. In ya kwanta a tsakar gida lokacin bazara, maƙwabta na ji ta bayan katanga. Muna yara dariya muke yi. Matarsa ce kaɗai ba ta dariya. Wata rana na ji tana ce wa mahaifiyata: "Yaya, ba ƙarar ke ba ni tsoro ba, shirun ne. Sai ya ja, ya ja, sai ya yi tsit. In zuba wa ƙirjinsa ido, ba motsi. Sai na taɓa shi ya yi firgigit, ya shaƙi iska kamar wanda aka tsamo daga rijiya."

Da rana goro ba ya barin bakinsa, ga shayi a kowace tasha, amma gyangyaɗi na fizgarsa a kan sitiyari. Sai ranar da ya buɗe ido ya ga mota ta sauka daga kwalta ta nufi gonar mutane, cike da fasinja, sannan ya yarda ba gajiya ce kawai ba. Allah ya tsare, ba wanda ya yi ko ƙwarzane.

Abin da ke damun kawu ciwo ne sananne a wurin likitoci: ɗaukewar numfashi cikin barci. In mutum ya yi barci, naman maƙogwaronsa ya saki ya toshe hanyar iska. Numfashi ya tsaya daƙiƙa 10 ko fiye, iskar da ke cikin jini ta ragu, ƙwaƙwalwa ta zabure shi ya farka ba tare da ya sani ba. Wanda abin ya yi wa tsanani, sau 30 ko fiye yake faruwa a cikin awa guda. Ku lissafa dare ɗaya, ku lissafa shekara goma. Zuciya ba ta huta ba, shi ya sa ciwon ke tafiya tare da hawan jini, da shanyewar ɓarin jiki, da ciwon suga, da hatsarin mota. Wani bincike da aka buga a ɗaya daga cikin mujallun Lancet a 2019 ya ƙiyasta cewa kusan mutum biliyan 1 ne a duniya ke da shi, tsakanin 'yan shekara 30 zuwa 69. Mutum nawa muka binne muka ce "ya kwanta lafiya lau, sai gawa aka tarar"? Ajali na Allah ne, babu ja. Neman magani ma umarni ne.

Akwai kuma waɗanda barcin ne ba ya zuwa sam. A nan ƙasarmu ba sai an yi dogon bayani ba. Duk wanda ke da dangi a ƙauyukan Kebbe da ke kusa da iyakar Zamfara ya san yadda dare ya koma tun da 'yan bindiga suka addabi yankin. Uwa ta kwanta da mayafinta a jiki, takalman yara a bakin ƙofa, kunnenta na kan ƙarar babur. Ko ta yi ƙaura zuwa cikin gari, tsoron na biyo ta shimfiɗa. "Ba ni samun kwana," haka za ta ce maka, a bakinmu na Sakkwatawa, idanu jajur. Sai wani ya ce ta je kemis. A ƙulla mata ƙwayar Valium a leda, ba takardar likita, ba tambaya. Wata guda ƙwaya ɗaya ta daina aiki, a koma biyu. Ta wannan ƙofa matan aure da dattawa masu mutunci suke faɗawa shaye-shaye ba da niyya ba. In kuwa mai minshari irin na kawu ne ya sha, ƙwayar na ƙara sakar masa maƙogwaro, ciwon ya ƙaru.

To ina likitan? Ƙwararrun suna Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, kusan kilomita 100 daga Tambuwal, da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, gaba da Sakkwato ma. Mutumin Kuchi ko Girkau sai ya fara fitowa bakin titi tukuna. Kuɗin mota zuwa da dawowa, na ɗan rakiya, abinci, wataƙila kwana, ga gona an bari. Ga kuma bakin mutane, don kowa ya san abin da ake nufi in an ce "an kai wance Kware". Saboda haka sai a haƙura a zauna da ciwo.

Alhali yawancin aikin nan baki ne da kunne. Rashin barcin da ya daɗe, babban maganinsa ba ƙwaya ba ce. Tun 2016 wata ƙungiyar likitocin Amurka ta ce a fara da zaman tattaunawa da ƙwararre, wanda zai gyara wa mutum lokacin kwanciya da tashi, ya raba shi da juyi a kan shimfiɗa, ya taimaka masa da tunanin da ke hana ido rufuwa. Zama ne na 'yan makonni, kuma ana yin sa ta waya. Mai minshari kuwa, akwai tambayoyi takwas da ake fara tantance shi da su: ƙarfin minsharin, gajiyar rana, ko an taɓa ganin numfashinsa ya tsaya, hawan jini, ƙiba, shekaru, kaurin wuya, da ko namiji ne. Malamin asibitin Dogon Daji ko Sanyinna zai iya wannan da ma'aunin jini da tef ɗin tela. Wanda aka ga alama a jikinsa, a ba shi aron 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa da hanci da ƙirji, ya kwana da ita a ɗakinsa, da safe a tura sakamakon Sakkwato ta intanet, likita ya kira. Wani rage ƙiba da kwanciya a gefe za su taimake shi. Wani sai na'urar CPAP mai hura iska ta hanci, wadda Colin Sullivan ya ƙirƙiro a Ostireliya a 1981. Ita tana son wuta, don haka a wurinmu maganarta ba ta rabuwa da ta sola da batir. Akwai kuma wanda dole a gan shi ido da ido, kamar yaron da ke minshari baki buɗe saboda kumburin maƙogwaro. Wannan likita yake buƙata, ba a kai shi wurin wanzami a cire beli ba.

Saura tambaya ɗaya: wa zai biya? Likita ba zai zauna rabin awa a waya kyauta ba, kuma bai kamata ba. A Najeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun majinyaci yake fita. Wasu ƙasashe sun warware wannan. Amurka ta buɗe wa inshorar tsofaffi ƙofar biyan ganin likita ta bidiyo daga gida a Maris na 2020. A Jamus, tun 2020 likita na rubuta wa mai rashin barci manhajar waya kamar yadda yake rubuta magani, inshora ta biya.

Mu ma ba daga ƙasa za mu fara ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. A Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hukumar NHIA, wadda ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan ƙasa, ta kuma tanadi asusu na musamman don masu rauni: yara ƙanana, masu ciki, tsofaffi, naƙasassu da matalauta. Jiharmu na da tata hukumar adashen gata ta lafiya, SOCHEMA, wadda aka kafa lokacin da ɗan garin nan, Aminu Waziri Tambuwal, yake gwamna. Rumbu dai an gina shi. Amma kowace inshora tana da jerin abubuwan da take biya, kuma abin da ba a rubuta a jerin ba, ko ka yi kuka ba za a biya ba.

Don haka ga abin da za mu nema, da baki ɗaya. A rubuta ciwukan barci ɓaro-ɓaro a cikin jerin. A rubuta cewa ganin likita ta waya ko bidiyo ganin likita ne, a yanka masa kuɗinsa. A ajiye na'urorin gwajin barci a manyan asibitocin Tambuwal da Kebbe. Kuma tunda sabis na wahala a ƙauyuka da yawa, kuma ba kowace uwa ke da babbar waya ba, a ware rana a asibitin mazaɓa da majinyaci zai zauna tare da malamin asibiti a kira likita, da Hausa ko Fulatanci, mace in tana so ta samu mace.

Na san akwai masu jin ƙyamar kalmar inshora. Ku tambayi malamanku, amma ku dubi abin da idon basira: kowa ya zuba kaɗan, wanda ciwo ya kayar a ɗaga shi da kuɗin jama'a. Da me ya bambanta da gayyar da muke yi wa gonar marar lafiya?

Uwayen ƙasa, Allah ya ja zamaninku, ku sa wannan magana cikin abin da kuke kai wa gwamnati. Malamai, ku ba ta minti biyar a huɗubar Juma'a. Shugabannin tasha, ku kuka fi kowa sanin direban da ke gyangyaɗi. Ku yi wa 'ya'yan ƙungiyarku rajistar inshora a dunƙule, ku nemi a gwada su, kada ku jira sai an kwaso gawa. Matasa masu waya, ku rubuta wa ɗan majalisar tarayya mai wakiltar Kebbe da Tambuwal, da 'yan majalisar jiha, da kwamishinan lafiya, ku tara sa hannun mutanen mazaɓarku, ku sake rubutawa in an yi shiru. Wanda bai yi rajista ba ya ɗauki lambar NIN ɗinsa ya je asibitin mazaɓa ya tambayi yadda ake shiga, don mai kati shi ke da bakin cewa a ƙara masa abu a kati.

Ku kuma mata, iyayenmu da ƙannenmu, ku ne shaidun dare. Yau in maigida ya fara minshari, ku kasa kunne. In ya yi tsit, ku ƙirga a zuci har ya sake jan numfashi, ku riƙe adadin. Gobe da safe, bayan ya karya, ku gaya masa, ku ce ya je a auna jininsa.