Minti arba'in ba su isa a yanke wa koci hukunci ba

Duk wanda ya taɓa zama a zauren wasanni na Palais des Sports da ke Treichville ranar da aka fitar da ƙungiyar gida daga gasa ya san abin da ke biyo baya. Kafin a kashe fitilu an riga an gama shari'ar, kuma koci ne mai laifi. A gbaka za a ci gaba da zancen har Adjamé, da safe kuma ya shiga teburin mai shayi. Ni dai ina ganin wannan ɗabi'a tana cutar da ƙwallon kwando a ƙasar nan fiye da duk wani rashin nasara da aka taɓa yi a fili.

A Amurka ma, inda kuɗin wasan yake, haka abin yake. Michael Malone ya ciyo wa Denver kofin NBA na farko a tarihinta a 2023, amma a Afrilun 2025 aka sallame shi, saura wasa uku a shiga zagayen neman kofi. Mike Budenholzer ya ci kofi da Milwaukee a 2021, aka kore shi a 2023 don Miami ta fitar da shi a zagayen farko. Tom Thibodeau ya kai New York wasan ƙarshe na yankin gabas a 2025, matakin da ta yi shekara 25 ba ta taka ba, kwanaki kaɗan bayan nan aka ce ya tattara kayansa. To amma a lura da abu biyu. A can sai an doke ka sau huɗu cikin wasa bakwai kafin a fitar da kai, saboda haka hukuncin yana da ɗan tushe. Sannan wanda aka kora yana tafiya da sauran kuɗin kwantiraginsa, miliyoyin daloli. Korar tana da zafi, amma ba ta hana tukunyar gidansa tafasa.

Mu a nan mun ɗauko rashin haƙurin, mun bar musu kwantiragin. Kuma gasanninmu na nahiya, AfroBasket da BAL, in an kai zagayen sili-ɗaya-ƙwale wasa guda ne tak. Minti arba'in. Ɗan wasa ɗaya ya kwana da zazzaɓi, ko jifa biyu su daki bakin kwando su fito, shi ke nan aikin shekara ya tafi.

A duba wasan ƙarshe na AfroBasket 2021 a Kigali. Tunisiya ta doke Kwaddibuwa da ci 78 da 75. Maki uku, wato jifa guda daga nesa. Da ta shiga an tafi ƙarin lokaci, wataƙila da ƙasar nan ta ɗaga kofin da rabonta da shi tun 1985, lokacin da aka yi gasar a nan Abidjan. Natxo Lezkano ɗan Sifaniya ne ya ja ragamar ƙungiyar a wancan karon. Da aka je gasar cin kofin duniya ta 2023 a Jakarta, Dejan Prokić ɗan Sloveniya ne a benci. Da aka je AfroBasket 2025 a Angola, inda Mali ta fitar da mu a kwata fainal, Miguel Hoyo ne. Manyan gasanni uku cikin shekara huɗu, koci uku. Ban ce duk korarsu aka yi ba, kowace tafiya da nata dalilin, kuma kocin Turai yakan haɗa aikin ƙasa da na kulob ɗinsa. Amma ga ɗan wasa duk ɗaya ne. Kowane sabon koci da nasa tsarin tsaron gida, da nasa sunayen da yake kiran dabaru da su, da mutanen da ya yarda da su. Ƙungiyar ƙasa kuwa 'yan kwanaki take samu ta haɗu kafin wasa, domin 'yan wasanta suna warwatse a Faransa da Sifaniya da sauran wurare. In kowace haɗuwa sai an koma baƙi da wasali, yaushe za a kai ga karatu?

A kulob ma labarin bai canza ba. Liz Mills 'yar Ostireliya ta jagoranci ABC Fighters ta Abidjan a gasar BAL ta 2023, ta kai su kwata fainal a Kigali, inda Petro de Luanda ta fitar da su da ƙyar. Shekara guda kafin nan tana AS Salé ta Maroko, kafin 2023 ta ƙare kuma an gan ta a bencin Bangui Sporting Club. Kulob uku cikin shekara biyu. Haka kasuwar kociya take a nahiyar nan: a ɗauko mutum don gasa ɗaya kamar yadda ake hayar kujeru don biki, in an watse kowa ya kama gabansa.

Na san amsar da za a ba ni, don ina jin ta kullum: "To ai mun kori Gasset mun ci kofi." Gaskiya ne. A Janairun 2024 Equatorial Guinea ta zuba wa Giwaye ƙwallo huɗu a Ebimpé, aka sallami Jean-Louis Gasset ana tsakiyar gasa, Emerse Faé ya karɓa, ranar 11 ga Fabrairu aka doke Najeriya 2 da 1 (wasu daga cikin masu karanta wannan shafi har yau ba su huce ba). Sai dai ana mantawa da cewa ba korar ce ta fitar da mu daga rukuni ba, Maroko ce da ta doke Zambiya. Kuma Faé ba baƙo ba ne da aka ɗauko daga filin jirgi, mataimakin Gasset ne, ya san halin kowane ɗan wasa da abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya. In akwai darasi a labarin nan, to yana goyon bayan mutumin da ya daɗe a cikin gida ne.

A wannan zaure namu na Treichville, ranar 3 ga Agustan 2025, matan Najeriya suka doke Mali 78 da 64, suka ɗauki kofin Afirka karo na biyar a jere. Rena Wakama tana riƙe da su tun 2023, ta kai su kwata fainal a wasannin Olamfik na Paris a 2024, abin da babu wata ƙungiyar ƙwallon kwando ta Afirka, maza ko mata, da ta taɓa yi. Wanda ya kalle su ya ga ƙungiyar da ke jin maganar juna ko ba a buɗe baki ba. Amma ba zan yi saurin yaba wa hukumar Najeriya ba. Riƙe kocin da ke cin kofi ba haƙuri ba ne. Ranar da Wakama ta faɗi a kwata fainal, ranar za a san ko sun iya.

Abin da ya fi damuna ba manyan nan ba ne, su suna da wakilai da lauyoyi. Kocin unguwa ne, wanda ke tara yaranmu a filayen siminti na Treichville da Adjamé bayan an taso daga makaranta, yana koya musu riƙe ƙwallo da hannun hagu, yana hana su zaman banza a bakin titi. Sau da yawa aikinsa a kan baki ne kawai, babu takarda. In ƙungiyar matasan ta faɗi a wasan neman kofi, shugaba ya ji kunya gaban abokansa, sai a canza shi. Yaron da ya shekara uku a hannunsa ya rasa wanda ya san rauninsa, uban da ya yarda ya bar 'yarsa ta fita atisaye don ya san kocin ya san gidansu sai ya ce a dawo gida. Mu da muka tashi a kasuwa mun san ba a korar yaron shago don ranar da ba a yi ciniki ba. Ana duba littafi ne a ƙarshen shekara.

Shi ya sa nake kira ga hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa da shugabannin kulob-kulob su riƙa rubuta abin da suke so tun ranar ɗaukar koci: wa'adinsa shekara nawa ne, me za a auna shi da shi banda kofi, matasa nawa ake so ya fito da su, nawa za a biya shi in aka raba gari kafin lokaci. A kuma ajiye ɗan ƙasa a gefen duk baƙon da aka ɗauko, da wa'adin da ya fi na baƙon tsawo. Gasar cin kofin duniya ta 2027 a Katar za a yi ta. Hukumar ta fito ta gaya wa jama'a ko wanda ke bencin Giwaye yanzu shi zai kai su can, ta sa hannu a kai kafin wasa na gaba.